"Ni Nas Ce Kawai": Yadda Ma'aikaciyar Jinya Ke Kallon Kanta da Dalilin Zamanta ko Tafiyarta

Ina godiya ga masu kula da wannan mujalla tamu da suka ba ni fili. Ni ɗan Maigatari ne, ina shekarar ƙarshe a babbar difloma, sashen koyon aikin mulki. Abin da zan kawo muku wani yanki ne na karance-karancen da na yi saboda furojet ɗina, sai dai ba a laburare abin ya faro ba, a tsakar gidanmu ya faro.

Ina da yaya mace, ma'aikaciyar jinya ce. A Birnin Kudu ta yi karatunta, yanzu tana aiki a wani asibitin gwamnati a yankinmu. Wata rana ana suna a gidan ƙanwar Innarmu, ina shigo da kulolin abinci, sai na ji wata baƙuwa tana tambayarta, "Au, ke likita ce?" Ta ji mata suna ta ce mata likita ne, kamar yadda mutanenmu suka saba kiran duk wanda ya sa fararen kaya a asibiti. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a Hajiya, ni nas ce kawai."

A lokacin dariya na yi. Ni ma ai na sha tsokanarta, in ce mata 'yar aiken likita, mai miƙo almakashi. Bayan 'yan watanni, wata safiyar Juma'a, ta dawo daga aikin dare. Duk ɗan yankinmu ya san yadda Alhamis take in kasuwar Maigatari ta ci: shanu da raƙuma daga Nijar, manyan motoci, 'yan acaɓa, kowa yana sauri. Kafin magariba an fara kai waɗanda suka yi haɗari asibiti. A daren su biyu ne kacal a ɗaki, wuta ta ɗauke, da fitilar waya suka yi aiki. An kawo wani saurayi jini yana zuba, ta tsayar da jinin, ta sa masa ƙarin ruwa, ta aika a kira likita. Sai yayan saurayin ya daka mata tsawa ya ce, "Ke nas, je ki kira mana wanda ya san aiki!" Da likitan ya zo bai ko duba abin da ta rubuta ba, ya yi mata faɗa a gaban mutane kan abin da ta riga ta yi.

Ta zauna a bakin tabarma ko takalmi ba ta cire ba, ta ce, "Inna, ni fa na gaji. Takardar ajiye aiki zan rubuta, in buɗe shagon atamfofi." Inna ta ce, "Albashin ne ba ya isa?" Ta ce, "Shi ma ba ya isa, amma ba shi ya fi ci mini rai ba. Shekara shida ina wannan aiki, har yau ban ji na zama kowa ba."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Yaya tana da ƙawa da suka gama makaranta tare, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a ƙauyen Sule Tankarkar. Matakin albashinsu ɗaya, wurin ƙawar ma ya fi wahala, don babu likita kwata-kwata, da damina hanya sai a hankali. Amma in ka ji tana ba da labarin aikinta sai ka ce sarauta aka ba ta. To me ya sa ɗaya take neman ƙofar fita, ɗaya kuma ko tunanin tafiya ba ta yi? Wannan tambaya ce ta zama taken furojet ɗina.

Mene ne kallon kai?

Masana halayyar ɗan Adam suna magana a kan wani abu da za mu iya kira "kallon kai" da Hausa. Shi ne hoton da mutum yake ɗauke da shi a zuciyarsa game da kansa: wane ne ni, me na iya, me ban iya ba, mece ce darajata a wurin mutane. Kada a haɗa shi da girman kai. Mai girman kai raina mutane yake yi. Wanda kallon kansa ya daidaita kuwa ya san iyakar abin da ya sani, shi ya sa ba ya jin kunyar tambaya.

Tun 1890 wani masani Ba'amurke, William James, ya nuna cewa mutum yana iya tsayawa gefe ya kalli kansa ya yanke wa kansa hukunci. A 1902 Charles Cooley ya ƙara da cewa mutane ne madubin da muke ganin kanmu a ciki. Da farko muna ƙiyasta yadda suke ganinmu, sai mu ƙiyasta hukuncin da suka yanke mana, daga nan mu ji daɗi ko mu ji kunya. Shi kuma Carl Rogers ya jawo hankali ga tazarar da ke tsakanin yadda mutum yake ganin kansa a yau da yadda yake burin zama. In tazarar ta yi faɗi, rai ba ya kwanciya.

A 1976 Richard Shavelson da abokan aikinsa suka nuna cewa kallon kai ba dunƙule yake ba, rassa gare shi. Ku duba ajinku. Akwai wanda in aka zo lissafi zakara ne, amma in aka ce ya tashi ya yi bayani a gaban aji sai gumi. Akwai gwanin ƙwallo da yake ganin shi ba kan karatu gare shi ba. Mutum ɗaya ne, amma a kowane fage da irin kallon da yake yi wa kansa, kuma waɗannan ƙananan hotuna su ke haɗuwa su ba da babban hoton.

Mu 'yan poli bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Sau nawa aka tambaye ka inda kake karatu ka ce "poli ce kawai"? Bambancin da ake nunawa tsakanin mai babbar difloma da mai digiri a wurin ɗaukar aiki ya shiga zukatan wasunmu, har tun ba a raina mu ba mun riga mun raina kanmu. To irin wannan "kawai" ɗin ce ta fito daga bakin Yaya. Kuma ku sani, yanzu kwalejojin koyon aikin jinya da dama sun koma tsarin difloma da babbar difloma a ƙarƙashin hukumar NBTE da ke kula da mu, don haka 'yan'uwanmu ne na kusa.

Rassa shida na kallon kan ma'aikacin jinya

A 2001 wata malamar koyar da aikin jinya a Ostireliya, Leanne Cowin, ta fitar da takardar tambayoyi ta musamman don auna yadda ma'aikatan jinya suke kallon kansu a matsayinsu na ma'aikatan jinya. Tambayoyi 36 ne, an kasa su gida shida. Ga su, da misalai daga irin asibitocinmu:

1. Kallon kai na gaba ɗaya. Ina alfahari da zama nas? In 'yata ta ce za ta gaje ni, zan yi murna ko zan hana ta?

2. Kulawa. Ina jin na iya kwantar wa majinyaci hankali, in lura da buƙatarsa tun bai faɗa ba?

3. Ilimi. Na yarda da abin da na sani? In mai ciki ta zo awo da kumburin ƙafa da ciwon kai, jininta ya hau, na san alamar jijjiga ce ke tafe, kuma na san matakin da zan ɗauka?

4. Hulɗa da abokan aiki. Yaya nake da sauran nas-nas, da likitoci, da masu gwajin jini, da masu ba da magani, har da masu shara?

5. Iya isar da saƙo. Zan iya yi wa dattijon da bai yi boko ba bayanin yadda zai sha maganin hawan jini har ya gane? Zan iya gaya wa likita cewa ina ganin akwai kuskure, cikin ladabi, ba tare da muryata ta yi rawa ba?

6. Jagoranci. In aka bar mini ɗaki da ƙananan ma'aikata, zan iya tafiyar da shi?

Da na fassara wa Yaya waɗannan, sai na ga abin mamaki. Wajen kulawa da ilimi ba ta da shakkar kanta ko kaɗan. Inda ta faɗi shi ne na farko da na shida. Wato ta san ta iya aikin, amma ba ta ganin aikin a bakin komai, kuma ba ta taɓa ɗaukar kanta a matsayin wadda za ta ja gaba ba. Ƙawarta ta Sule Tankarkar kuwa ita ce shugaba a wurinta. Ita ke yanke shawarar wanda za a riƙe da wanda za a tura babban asibitin Gumel. Mai unguwa da kansa yake zuwa gaishe ta, kuma yara da dama a ƙauyen a hannunta aka haife su.

Gamsuwa da aiki

Wannan kuma mun yi shi a aji. A 1959 Frederick Herzberg da abokansa suka tattauna da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh na Amurka, suka gano cewa abubuwan da ke sa ma'aikaci ƙorafi daban suke da abubuwan da ke sa shi son aikinsa. Kashi na farko ya haɗa da albashi, yanayin wurin aiki, dokokin ma'aikata da halin shugabanni. Kashi na biyu ya haɗa da cim ma nasara, yabo, ɗora wa mutum amana, ci gaba, da daɗin aikin kansa. Kashi na farko kamar rufin ɗaki ne. In yana yoyo ba za ka yi barci ba, amma don rufi ba ya yoyo ba shi ke sa ka so gida ba.

A fannin jinya, wata malamar jami'a a Amurka, Paula Stamps, ta tsara ma'aunin gamsuwa mai sassa shida: albashi, 'yancin yanke shawara a kan aiki, nauyin ayyukan yau da kullum, tsare-tsaren ma'aikata, martabar sana'ar, da mu'amala tsakanin ma'aikata.

Inda abubuwan uku suka haɗu

A 2008 Cowin da abokan aikinta uku, ciki har da Herbert Marsh wanda ya yi suna a binciken kallon kai, suka wallafa sakamakon wani bincike da suka yi a jihar New South Wales ta Ostireliya. Sun tambayi ɗaruruwan ma'aikatan jinya sau biyu, da tazarar watanni a tsakani, game da kallon kansu, gamsuwarsu da aiki, da niyyarsu ta ci gaba da zama a sana'ar. Abin da suka samu shi ne, kallon kai ya fi gamsuwa da aiki ƙarfin alaƙa da niyyar zama. A cikin sassan gamsuwa kuma, martabar sana'ar ce ta fi tasiri, tsare-tsaren ma'aikata suka biyo baya. Albashi da nauyin ayyuka ba su nuna wata alaƙa mai ƙarfi da niyyar zama ba.

A nan fa sai mu yi hattara, kada wani shugaba ya karanta wannan ya ce to shi ke nan, a daina maganar ƙarin albashi, a riƙa yi musu kirari. Ma'aikaciyar jinya a Ostireliya albashinta yana biya mata haya da abinci da kuɗin makarantar yara. Rufinta ba ya yoyo, shi ya sa hankalinta ya koma kan martaba. Wadda take Gagarawa tana lissafin kuɗin mota da na buhun gero kafin wata ya ƙare, lissafinta daban ne. Sannan abin da aka auna niyya ce, kuma mun san ba duk mai niyyar tafiya ke tafiya ba, akwai kuma wanda ba ya so amma dole ta sa shi. Abin da za mu ɗauka daga binciken shi ne, gyara albashi wajibi ne, amma shi kaɗai ba zai riƙe wanda ya riga ya raina sana'arsa ba. Kuma a wurinmu albashin kansa madubi ne. In wata ya ƙare aka biya ka abin da bai kai ya kawo ba, an gaya maka matsayinka ko ba a buɗe baki ba.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce akwai ma'aikatan jinya miliyan 27.9 a duniya, su ne kashi 59 cikin 100 na ƙwararrun ma'aikatan lafiya, kuma akwai giɓin miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe irin namu. A 2023 hukumar ta sa Najeriya da Nijar cikin jerin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a yi taka-tsantsan wajen kwashe musu ma'aikata. Duk da haka tafiya ba ta tsaya ba. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ya ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A watan ne hukumar ta fitar da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardunsa don fita waje, ma'aikatan jinya kuma suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas.

Mu a nan Jigawa ba lallai sai an tafi Ingila ko Saudiyya ba. Tafiyar hawa-hawa ce. Na ƙauye yana neman a dawo da shi hedikwatar ƙaramar hukuma, na nan yana hangen Dutse, na asibitin jiha yana neman na tarayya kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wani ya koma ƙungiyoyin agaji, wani ya ƙetare. Duk wanda ya hau mataki ɗaya, gurbin da ya bari yana gangarowa ƙasa ne, ƙarshensa ya tsaya a irin ƙauyukanmu na bakin iyaka, inda asibiti ɗaya yake ɗaukar namu da na maƙwabtanmu na jihar Damagaram. Akwai kuma tafiyar da ba a lissafawa, irin wadda Yaya ta so yi: mutum yana gari, takardarsa tana cikin akwati, ya bar aikin gaba ɗaya.

Me ke faruwa in ma'aikata sun ragu? A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a asibitoci 168 a jihar Pennsylvania. Sun gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100, haɗarin gajiyar rai ga ita nas ɗin da kashi 23, rashin gamsuwa da aiki kuma da kashi 15. Kun ga yadda abin yake zagayawa. Ɗaya ta tafi, aiki ya yi wa sauran yawa, ba su da lokacin tsayawa su saurari majinyaci, mutane su ce nas-nas ba su da kirki, su kuma su koma gida suna jin ba su yi aikin yadda aka koya musu ba, sai wata ma ta tafi.

A ɗakin haihuwa abin ya fi muni. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a babban asibitin Jahun tun 2008 kan haihuwa da yoyon fitsari, cutar da galibi doguwar naƙuda ba tare da ƙwararren hannu a kusa ba ke jawowa. Don haka in ungozoma ɗaya ta bar wani ƙauye, ba lissafin ofis kaɗai ya taɓu ba.

Su wa ke fasa madubin?

In Cooley ya yi gaskiya cewa mutane ne madubi, to sai mu tambayi kanmu irin hoton da muke nuna musu. Na fara da gida. Da yawa daga cikin masu shiga makarantar jinya an fara gaya musu ne cewa tunda ba a samu likitanci ba sai a yi haƙuri da wannan. Tun ranar farko ke nan an sa musu a rai cewa sana'ar ta waɗanda suka rasa ce. Sai kuma unguwa. Har yanzu akwai masu yi wa macen da ke kwana a wurin aiki wani irin kallo, akwai samarin da ke cewa ba za su auri nas ba, amma in matarsu ta tashi haihuwa su ne kan gaba wajen cewa lallai mace ce za ta duba ta. Maza ma'aikatan jinya, waɗanda suke da yawa a Arewa, su ma ba su tsira ba, ana ce musu sun shiga aikin mata.

A cikin asibiti akwai likitan da ba ya sauraron nas, alhali ita ce take tare da majinyaci dare da rana, shi kuwa zagaye yake zuwa. Akwai manyan nas-nas da suke huce wahalar da suka sha a kan ƙanana. Tun 1974 Marlene Kramer ta yi bayanin irin girgizar da sabon ma'aikacin jinya yake shiga in ya fito daga makaranta da kyawawan ƙa'idoji ya tarar da aiki ba haka yake ba. A irin wannan lokaci in bai samu babba mai riƙe hannunsa ba, kallon kansa yakan rushe tun a shekarar farko. Sai mu, ma'aikatan ofis na gobe. Fayil ɗin ƙarin girma da ya kwana shekara a kan tebur, da takardar neman izinin ƙaro karatu da aka ce a dawo gobe har sau goma, duk saƙo suke isarwa.

Ba ina cewa duk nas-nas waliyyai ba ne. Kowa a cikinmu yana da labarin wadda ta yi masa tsawa a asibiti, kuma wulaƙanta majinyaci laifi ne ko da wane dalili. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wanda aka saba nuna masa shi ba kowa ba ne, sau da yawa a kan na ƙasa da shi yake neman girma.

Abin takaicin shi ne sana'ar tana da asalin da za a yi tinƙaho da shi. Rufaida al-Aslamiyya, Allah ya ƙara mata yarda, tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma a can aka kwantar da Sa'ad bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Florence Nightingale, wadda ake bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya a ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ba fitila kaɗai ta riƙe ba a yaƙin Kirimiya da ta je a 1854. Gwanar ƙididdiga ce, da alƙaluma ta nuna wa hukumomin Ingila cewa cututtukan da ƙazanta ke jawowa sun fi raunin yaƙi kashe sojoji, kuma a 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a Landan.

Me ke gyara shi?

A 1983 aka wallafa wani bincike a Amurka kan asibitoci 41 da suka iya jawo ma'aikatan jinya suka kuma riƙe su a lokacin da sauran ke kukan rashi, har aka yi musu laƙabi da asibitocin maganaɗisu. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne ana damawa da nas-nas wajen yanke shawara, shugabanninsu suna tsaya musu, akwai girmamawa tsakaninsu da likitoci, kuma akwai hanyar ƙaro ilimi da ci gaba. In kun lura, yawancin waɗannan hali suke buƙata fiye da kuɗi.

A gida ma muna da misali. Shirin Women for Health, wanda ya fara a 2012 da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkara, da sa hannun iyayensu da shugabannin garuruwansu, a ba su horon share fage don su cika sharuɗɗan shiga makarantun kiwon lafiya, da alƙawarin za su dawo su yi wa garinsu aiki. Wannan ya dace da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2010, cewa ɗaliban da suka fito daga karkara sun fi yiwuwar komawa karkara su zauna. Yarinyar da garinsu ya taru ya tura ta karatu, ba ta dawowa tana cewa "kawai".

Ga ku da za ku zauna a ofisoshin ma'aikata gobe: ku biya haƙƙi a kan lokaci, ku fitar da ƙarin girma ba sai an yi roƙo ba, ku tsara jadawalin aikin dare da adalci, ku haɗa sabon ma'aikaci da babba mai haƙuri, kuma in za a yi taro kan yadda za a tafiyar da asibiti a sa nas a teburin. Wanda ya kawo takardar ajiye aiki a zauna da shi a ji dalilinsa, a rubuta. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ga masu neman taken furojet kuma, musamman 'yan sashen ƙididdiga da na mulki, wannan fili ne. A nemi izini, a fassara irin waɗancan tambayoyi da Hausa mai kyau, a zaga asibitocin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, a ɓoye sunayen masu amsawa, a gani ko abin da aka samu a Ostireliya haka yake a nan, ko kuwa a wurinmu albashi ne kan gaba.

Sauranmu kuma, ranar da lalura ta kai mu asibiti, mu yi sallama, mu kira ta Malama ko Sista, mu saurari bayaninta, in ta yi mana abin kirki mu faɗa a gabanta. In ƙanwarka ta ce jinya take son karanta, kada ka ce mata me ya sa ba likitanci ba.

Na san za ku so jin yadda aka ƙare da Yaya. Ta rubuta takardar, amma ba ta miƙa ba, Inna ce ta ce ta dakata zuwa bayan Sallah. Ana haka aka yi musu sabuwar shugabar ɗaki, wadda ta ɗora mata kula da ɗaliban jinya masu zuwa koyon aiki. Yanzu in ta dawo gida labarin ɗalibanta take yi, wance ta iya sa allurar ƙarin ruwa, wane har yanzu hannunsa yana rawa. Ni ma na same ta na ce, "Yaya, ki yafe mini tsokanar nan da nake yi miki." Ta yi dariya ta ce, "Kai dai ka gama furojet ɗinka, ɗan boko." Albashin yana nan yadda yake, wuta ma ba ta daina ɗaukewa ba. Ta nemi gurbin ƙaro karatu a fannin kula da masu haɗari, ta kuma cika fom ɗin neman aiki a wani asibitin tarayya. Wanda zai riga fitowa, Allah ne masani. In na biyun ne, zan taya ta murna a matsayina na ƙaninta, amma daren Alhamis zai rage hannu ɗaya a yankinmu.

Duk wanda yake da 'yar'uwa ko ɗan'uwa a wannan aiki, ina roƙonsa in ya je hutu ya karanta masa waɗancan tambayoyi shida ya ji amsarsa. Wanda ya samu abin da zai ƙara mini ko ya gyara mini, ya same ni a sashenmu, ina maraba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu kula da su da alheri, mu kuma ya ba mu sa'ar jarrabawa.